Naira 50 da Musun Lambar Yabo

Sana'ata ta farko a Keffi ita ce tura fina-finai a waya. Ɗan shago ne a Angwan Lambu, inda ɗaliban jami'ar jihar Nasarawa ke kama haya: kwamfuta ɗaya, ƙaramin janareto, da benci a bakin ƙofa. Ka kawo waya ko memori, ka faɗi sunan fim, in tura maka a kan naira 50. Bencin nan ya zama majalisa, kuma musun da ya fi ɗaga jijiyar wuya a kansa shi ne na lambar yabo: wane fim ne ya ci da guminsa, wane aka yi wa alfarma.

A 2018 da Mansoor na Ali Nuhu ya ɗauki kambun fim ɗin Hausa a gasar AMVCA ta Africa Magic a Legas, majalisa ta rabu. Wani ɗalibin sashen wasan kwaikwayo ya ce ko don tsabtar hoto da sauti ya cancanta. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce sunan Ali aka duba, kuma da waƙoƙin Umar M. Shareef aka saye zukatan yara. Ni ina ɓangaren tela. Hujjata a kullum guda ce: mutanen da ke karanta fassarar Turanci a ƙasan hoto ba su isa su gaya mana daɗin maganar Hausa ba.

Shekarar da ta biyo baya aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga takarar Oscar saboda Turanci ya yi masa yawa. Sai ga Najeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba kuma yawancinsa da Hausa ne. A gasar AMAA ta 2020 shi ya zama gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta karɓi kambun mataimakiyar jaruma. Mun yi musu a kansa har aka daina gaisawa na ɗan lokaci, alhali babu wanda ya kalle shi a cikinmu. Tallarsa kawai muka gani. Keffi ba garin sinima ba ne. Mai son sabon fim a babban allo sai ya shiga mota zuwa Abuja, ya sha cunkoson Mararaba da Nyanya.

Abin da mutane ke tambaya a shagona kuwa daban ne. Indiya-Hausa na Algaita, barkwanci, daga baya Izzar So da Labarina. Ban taɓa jin wanda ya ce, “Tura min wanda ya ci gasa” ba. Da wannan nake tinƙaho. Nakan ce ga alƙalai na gaskiya nan suna layi da memori a hannu.

Wani dattijo ne ya karya min wannan alfahari. Tsohon dillalin kaset ne, wanda ya yi shekaru yana saro kaya daga Ƙofar Wambai a Kano yana rabawa a Keffi, Akwanga da Lafiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, a zamanin Sangaya da Wasila, in fim ya yi kyau mai shi a aljihunsa yake ji. Kaya su ƙare, mu koma mu ƙaro. In ya yi kwantai, furodusa ya gane ya yi shirme ba sai an faɗa masa ba. Kai yanzu a cikin hamsin ɗin nan, nawa ke zuwa Kano?”

Na ce, “Baba, ai kowa haka yake yi.”

Ya ce, “Ban tambaye ka kowa ba.”

Ko kwabo ba ya zuwa. Fim ɗin da aka kashe miliyoyi, kwafi ɗaya ke shigowa kwamfutata, daga nan ya bazu zuwa ɗaruruwan wayoyi. Da kuɗin na biya haya, da su na yi lefe, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne dangantakar wannan da musun da muke yi. Muna zagin alƙalan Legas da na Amurka, muna cewa mu ne masu hukunci, amma hukuncinmu ba ya isa ko'ina, domin hanyar da yake bi a da, wato ciniki, irinmu ne muka toshe ta. Mai fim da kasuwa ta mutu a hannunsa dole ya nemi wani wurin da za a ce masa sannu da aiki, ko sinima, ko kamfanin waje, ko dandalin gasa. In kuma ya fara shirya fim da idon waɗancan a ransa, da wane baki zan ce ya manta da mu?

Daga baya na samu na kalli The Milkmaid. A ganina ya cancanci abin da aka ba shi: tsaunukan Taraba sun fito kamar ka taɓa, kuma labarin 'yan'uwa mata biyu da masu tayar da ƙayar baya suka raba bai yi wa mai kallo sassauci ba. Har yanzu ina nan kan cewa akwai abin da alƙalin da ba ya jin Hausa ba zai kama ba, kamar habaicin kishiya ko yadda ɗa ke sassauta murya gaban mahaifinsa. Amma shi ma yana ganin abin da mu muka saba yafewa: hasken da ya ƙone fuska, sautin da ke rawa, zaman falo na minti goma da bai ƙara wa labari komai ba.

A 2024 aka tura Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura da su Adam A. Zango, ya wakilci Najeriya a Oscar. Bai shiga jerin waɗanda aka tace ba, kambun ya tafi Brazil. A lokacin na riga na bar sana'ar, wayar zamani da data sun cinye ta. Yanzu YouTube na ƙirga masu kallo yana biyan mai tasha, ƙuri'ar mutanen Keffi ta soma isa Kano da Kaduna kuma. Sai dai shi ma wannan alƙalin yana da nasa son rai: yawan mintuna yake so, shi ya sa labarin da zai ƙare a zango biyu ake jan sa shekara da shekaru, jarumi ya mutu ya dawo, mu kuma duk mako muna sayen data muna ƙorafi.