Da Sabo Ya Koma Rabo

Mai karatu, kafin ka ci gaba, ɗan leƙa kibod ɗin wayarka. Layin farko na haruffa ya fara da Q, W, E, R, T, Y. Haka yake a wayar ƙanwarka, haka yake a kwamfutar banki, haka yake a shagon buga takardu na bakin titi. Mun taso mun tarar da shi a haka, shi ya sa ba ma tambayar wanda ya jera shi, kamar yadda ba ma tambayar wanda ya sa Litinin bayan Lahadi. To amma mutum ne ya jera shi, kuma da ya zauna yin wannan aiki, ko labarinmu bai taɓa ji ba.

Sunansa Christopher Latham Sholes, ɗan jarida a birnin Milwaukee na Amurka. A 1868 shi da abokan aikinsa suka sami takardar mallakar fasahar tafireta, a 1874 kuma kamfanin Remington, wanda aka fi sani da ƙera bindigogi, ya fara sayar da ita. Kowane harafi yana kan sandar ƙarfe da ke tashi ta bugi takarda, kuma idan sanduna biyu maƙwabta suka tashi kusan lokaci guda sai su sarƙe. An yi ta sauya wa haruffa mazauni kafin jerin ya tsaya yadda muka san shi. Yau babu sanda, babu takarda, amma jerin yana nan daram. Hausawa suka ce sabo turken wawa.

Ni sana'ata rubuta manhaja. A rana nakan yi awa takwas zuwa goma yatsuna na kan madannai, kuma na fi shekara goma a haka. Saurina ya kai kalma 74 a minti ɗaya, bisa ƙa'idar masu awo da ke lissafa bugu biyar a matsayin kalma guda. Da na haura talatin sai wuyan hannuna ya fara tsami da yamma, wani lokacin har cikin dare. Na canza kujera, na gyara tsayin tebur, na rage zaman dogon zango, abin ya yi sauƙi amma bai tafi ba. A nan ne na fara lura da irin zirga-zirgar da yatsuna ke yi. Layin tsakiya, inda yatsu ke hutawa, wasali ɗaya kacal gare shi, wato A. Duk sauran wasulan suna sama, sai ka miƙa ka ɗauko, ka dawo, ka sake miƙawa, sau dubbai a yini.

Ba ni ne na fara ganin haka ba. Tun 1936 August Dvorak, malami a Jami'ar Washington da ke Seattle, tare da William Dealey, suka yi rajistar wani jeri da ya tara wasula biyar a hannun hagu na layin tsakiya. Shekara saba'in bayan nan, a 2006, Shai Coleman ya fito da Colemak. Shi ya bi a hankali: madannai 17 kawai ya taɓa, ya bar Z, X, C da V inda suke saboda masu kwafa da mannawa, ya kuma mayar da Caps Lock madannin goge harafi. Layin tsakiyarsa ya zama A, R, S, T, D, H, N, E, I, O. Shi na zaɓa, don mai irin sana'ata ba ya rabuwa da waɗancan huɗun.

Na fara a hutun ƙarshen shekara, ina da kwana goma kafin a koma aiki. Ranar farko na gwada kaina a Monkeytype, aka ba ni kalma 9 a minti. Tara! Ɗan firamare da yatsa ɗaya zai wuce ni. Haruffan da ke rubuce a jikin madannai ba su canza ba, saboda haka kallon su ma ɓata ni yake yi: in ga K, in danna, E ta fito. Dole na zana sabon jerin a kwali na jingina a jikin bango, na hana idona sauka ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a makon farko kalmar sirrina ce. Shekaru ina buga ta ba tare da tunani ba, ashe kaina ya daɗe da sallama wa yatsu ita. Da jerin ya canza, yatsu suka bi hanyar da suka saba, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Sai da na ɗauko waya, na buɗe kibod ɗinta, na bi sawun yatsuna harafi bayan harafi, sannan na gano abin da nake bugawa duk tsawon shekarun nan.

Sai kuma rigimar S da R. Colemak ya matsar da S gaba da taki ɗaya, ya zaunar da R a gurbinta. Da a ce nesa aka kai ta da ya fi sauƙi, amma maƙwabtaka ta sa yatsa ya ƙi yarda an yi ƙaura. In nufi "sai" in ga "rai". In nufi "sani" in ga "rani". Wata rana ina ba wani abokina amsa a kan dalilin jinkirina, na so in rubuta masa cewa matsalar sabo ce, saƙon ya tafi da cewa matsalar rabo ce. Ya amsa da cewa in yi haƙuri, kowa da nasa.

A Vim, manhajar da nake rubuta kod a cikinta, H, J, K da L ne ke motsa alamar rubutu hagu, ƙasa, sama da dama. Bill Joy ya tsara haka a 1976 saboda na'urar da yake aiki da ita, ADM-3A, an zana mata kibiyoyi a kan waɗannan haruffa huɗu. A Colemak kuwa J mai kai ka ƙasa ta koma layin sama, K mai kai ka sama ta koma layin ƙasa. Ka miƙa yatsa sama don ka sauka, ka sauke shi don ka hau.

Hutu ya ƙare ina kan kalma 25. A nan wasa ya ƙare, don ni da abin da na miƙa ake auna ni, ba da awannin da na zauna ba. Aikin awa biyu ya koma na yini. A zauren tattaunawar ofis, kafin in gama rubuta ra'ayina an yanke shawara an wuce gaba. Wani abokin aiki ya zauna a kwamfutata zai nuna mini gyara, ya buga layi ɗaya, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan na'urar taka lafiyarta kuwa?" Komawa baya ma ba ta yiwu ba cikin sauƙi, don a mako na uku tsohon jerin ya fara zamewa daga hannuna alhali sabon bai zauna ba. Na zama jemage, ba na cikin tsuntsaye, ba na cikin dabbobi.

A wannan tsakanin na fahimci abin da sauri yake yi wa mai rubutu. Ba yawan kalmomi ba ne amfaninsa, rufa wa tunani asiri ne. Idan hannu ya ƙware, ba ka ma san yana nan ba, abin da ke ranka kawai kake gani yana bayyana. Idan hannu na lalube kuwa, rabin hankalinka na neman F, kafin ka same ta ƙarshen jimlar ya gudu. Ka tuna ranar da ka fara koyon tuƙa babur, aka yi maka magana ka kasa amsawa saboda kana lissafin giya. Haka na koma, da digirina da komai.

Maganin bai wuce na almajiri da allonsa ba: maimaici. Rabin awa kowace safiya bayan asuba, kafin gida ya tashi, ina bin darasin keybr da ke ƙara maka harafi ɗaya sai ka ƙware a na baya. Na kafa wa kaina doka cewa daidai ya riga sauri, don kuskuren da aka maimaita shi ma zama yake yi a hannu. Na daina bin haruffa ɗai-ɗai, na koma bin gaɓoɓin da ke yawan zuwa tare, har "sh" da "ts" da "an" suka zama motsi guda. Ƙarshen wata na farko na kai 40. Na maƙale a wajen 55 kusan mako shida, kamar motar da ta faɗa yashi. Sai a wata na biyar na koma inda na baro. Yanzu ina yawo tsakanin 78 da 82.

Wato bayan duk wannan wahala ribar sauri ba ta taka kara ta karya ba, kuma wataƙila atisayen ne ya kawo ta, ba jerin ba. Ko a 1956, da Earle Strong ya yi wa gwamnatin Amurka gwaji, ya gano cewa sake horar da masu buga tafireta a kan Dvorak bai fi ƙara musu horo a kan QWERTY amfani ba. Hannuna dai ya sami sauƙi, amma tare da kujera da hutu aka yi aikin, ba zan ba wa jeri shi kaɗai lada ba. Ribar da na ci ta gaske daga wani wuri ta ɓullo.

Da na fara rubuta Hausa da sabon jerin sai na ji wani abu bai zauna ba. "Harshe", "tarihi", "nasara", "rana", "dare", duk suna fita ba tare da yatsa ya bar layin tsakiya ba, abin gwanin daɗi. Amma K, wadda Bahaushe ba ya jimla biyu bai nemi ta ba, an tura ta layin ƙasa, G kuma an kai ta sama. "Haka", "kada", "ga", "ka", waɗanda tsohon jerin ke ba ni a zaune, yanzu sai na tashi. Kujerar alfarma, ƙarƙashin yatsan tsakiya na dama, an ba wa E, domin ita ce sarauniyar Turanci. Sarauniyar Hausa kuwa A ce. Duba wannan jimla: "Kaka ta dafa masara da yamma." Haruffa 23 ne, 11 daga cikinsu A. To a QWERTY, da Dvorak, da Colemak, duka ukun, A tana wuri ɗaya: ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, autan yatsu, mafi raunin su duka. Mun ɗora wa auta kayan babban wa. Q, V da X kuma, waɗanda rubutun Hausa bai san da su ba, kowace na da ɗakinta, alhali Ɓ, Ɗ da Ƙ ko zaure ba a ba su ba.

Na kai wannan zance wurin Kawuna, wanda ya yi shekaru yana buga tafireta a ofishin gwamnati kafin ya yi ritaya. Na ce, "Kawu, ku a zamaninku yaya kuke yi da haruffa masu ƙugiya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ai biro ne. In ka gama buga takarda ka zare ta, sai ka bi layi-layi kana ɗora wa kowace ƙugiyarta. Ranar da aiki ya yi yawa kuwa, sai mai karatu ya yi ta kansa." Mai karatu kuwa har yau yana yin ta kansa. Shi zai raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kare da ƙare, bari da ɓari. Tun shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a rubutun boko, kowannensu yana da lambarsa a Unicode, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Haruffan na nan. Wurin zama ne ba a ba su a kibod ba, har wasu suka ɗauka rubutu ba ƙugiya shi ne daidai.

Da ban taɓa tumɓuke madannai 17 na ga duniya ba ta tashi ba, da ban yi tunanin taɓa wannan ba. A Linux jerin haruffa fayil ne kawai na rubutu, kowa na iya buɗewa ya gyara. Cikin rabin awa na ɗora ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kan B, D, K da Y, ana samun su da riƙe Alt na dama da babban yatsa. Bayan na sha wuyar wata biyar, koyon waɗannan huɗun kwana uku ya ɗauke ni. Tun daga ranar, saƙon da zan aika wa Umma da ƙugiyarsa yake tafiya, kuma ita ta fara lura. Ta ce yanzu in ta karanta kamar muryata take ji.

Idan ka tambaye ni ko ka koma Colemak, zan tambaye ka abin da kake nema. In sauri ne, zauna inda kake ka yi atisaye, zai fi maka araha. In a waya kake yawancin rubutunka, babu ruwanka da wannan ƙaura, don an tsara ta ne domin yatsu goma, ba manyan yatsu biyu ba. Abin da ya shafe ka bai kai minti biyu ba: shiga saitin kibod, ƙara Hausa cikin harsuna, ka ba ƙugiya haƙƙinta.

A ya rage. Har yanzu tana kan auta, kuma duk ranar da na yi dogon rubutun Hausa shi ne yatsan da ke fara kuka. Dvorak da Coleman ƙirga haruffan harshensu suka yi, suka ba kowanne mazauni gwargwadon aikinsa. Babu abin da ya hana mu yin haka da namu. Na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ke ƙirga haruffa da gaɓoɓi, ina ciyar da ita labarai da maƙalun Hausa da aka rubuta da ƙa'ida. Wahalar da nake sha ita ce samun rubutun da ƙugiyarsa ta cika, don ba a ƙirga abin da ba a rubuta ba. Saboda haka duk ƙ da ɗ da ka sa a mazauninsu yau, ko a saƙon gaisuwa ne, gudummawa ce ga kibod ɗin da 'ya'yanmu za su tarar su ɗauka haka Allah ya yi shi.