Gwani Ma Hannunsa Na Rawa



Mu 'yan aji biyu ba mu taɓa riƙe sandar golf ba. Mun dai san akwai filayen wasan a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, kuma mun san ba wasan unguwa ba ne. To me ya kai mu rubutu a kansa? Tsoro ne ya kai mu. Mun gano cewa abin da ke kama mu idan aka kira sunanmu a asembili, shi ne yake kama manyan gwanayen golf na duniya. Bambancin kawai, su ba su ɓoye ba, magani suka nema.

Ga yadda wasan yake. Fili yana da ramuka 18, kowane rami faɗinsa bai kai santimita 11 ba, kamar bakin moɗa. Wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Ƙwallon a ajiye take wuri ɗaya. Babu mai tsaron gida, babu mai sa maka ƙafa, 'yan kallo ma tsit suke yi. Zagaye ɗaya yakan ci kamar awa 4, amma bugun kansa ɗan lokaci ne ƙanƙani. Sauran duk tafiya ce da tunani. A ƙwallon ƙafa ba ka samun lokacin jin tsoro sai an ba ka fanareti. Golf kuwa kamar fanareti ne tun daga farko har ƙarshe.

A shekarar 1970, a garin St Andrews na ƙasar Skotland, wani Ba'amurke mai suna Doug Sanders ya zo ramin ƙarshe na babbar gasa. Tsakanin ƙwallonsa da rami bai kai mita ɗaya ba. Idan ta faɗa, kofi nasa ne. Ya buga irin wannan sau dubbai, amma ranar sai ta bi ta gefe. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi a wasan raba gardama. Har ya rasu a 2020 bai ci babbar gasa ba. A 2011 kuma, Rory McIlroy ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Masters yana gaba da kowa da bugu 4, amma wasansa ya watse, duniya tana kallo a talabijin. Waɗannan mutane ba mantawa suka yi da wasa ba. Tsoro ne ya shiga tsakaninsu da abin da suka iya.

Labarin da ya fi jan hankalinmu shi ne na Tiger Woods, wanda aka haifa a Amurka a 1975. Yana da shekara 13, daidai shekarunmu, mahaifinsa ya haɗa shi da Jay Brunza, likitan halayyar ɗan Adam a rundunar sojan ruwan Amurka. Cikin dabarun da likitan ya yi aiki da su akwai wadda ake kira hifnosis. Yana shekara 15 ya ci gasar matasa ta Amurka, ya sake ci sau biyu a jere, likitan nan yana ɗauke masa jakar sanduna. A 1997 ya ci Masters da ratar bugu 12, yana shekara 21.

Mene ne hifnosis? Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin barci, kuma wani likita ɗan Skotland, James Braid, shi ya yaɗa shi a shekarun 1840. Amma ba barci ba ne, ba kuma siddabarun fim ba ne da ake kaɗa wa mutum agogo a fuska ya koma kamar raƙumi da akala. Mutum a farke yake, yana jin abin da ake faɗa, kuma yana iya cewa ya fasa. Ya yi kama da lokacin da fim ya ɗauke mana hankali har Umma ta kira mu sau uku ba mu ji ba. Likita yakan sa ɗan wasa ya zauna, ya yi numfashi a hankali, ya saki jikinsa. Sai ya sa shi ya tuno ranar da ya fi yin wasa mai kyau, ya ga filin a zuci, ya ji nauyin sanda a hannunsa. Daga nan sai a ɗaura wannan natsuwa a kan wata alama, kamar kalma ɗaya ko yadda yake damƙe sanda. Ranar gasa idan ya yi alamar, jiki yakan tuna natsuwar.

Kada wani ya ɗauka mun samo maganin cin jarrabawa ba karatu. Hifnosis ba ya kama kowa daidai, wasu ma kusan ba ya yi musu komai. Kuma ba ya zuba wa mutum abin da bai koya ba. Tiger tun yana shekara 2 aka nuna shi a talabijin yana buga golf. Mahaifinsa, tsohon soja, yakan yi tari ko ya kaɗa kuɗin ƙarfe a aljihu daidai lokacin da yaron zai yi bugu, don ya saba da hayaniya. Ashe natsuwa ma koyon ta ake yi, kamar jadawalin sau.

Yanzu mu dawo makarantarmu. Dukkanmu mun san alamun: gwiwa na rawa, maƙogwaro ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, zuciya na dukan uku-uku. Jiki ne yake sakin wani sinadari mai suna adiranalin, yana shirin gudu ko faɗa, alhali abin da ke gabanmu makirfo ne kawai. Mun sha ganin ɗalibar da ta karanta labarai tiryan-tiryan a aji, ta fito asembili baki ya ƙi buɗewa. Sai wasu su fashe da dariya, har su laƙa mata suna. Daga ranar ba za ta sake ɗaga hannu ba. Haka muke rasa masu muhawara da masu kacici-kacici tun ba su fara ba.

Ba mu da likita irin na Tiger, kuma muna jan kunnen juna: hifnosis aikin ƙwararrun likitoci ne, da sanin iyaye. Duk wanda ya ce ku biyo shi ɗaki zai cire muku tsoro, ku gaya wa malami ko iyayenku. Amma akwai abubuwa uku da muke gwadawa a ƙungiyarmu, ba su cin ko sisi. Na farko, kafin mu fita, mukan ja numfashi a hankali mu sake shi a hankali, sau biyar. Na biyu, da daddare mukan rufe ido mu ga kanmu mun tsaya gaban makaranta, mun fara, mun gama. Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan gasanni 18, ya rubuta a littafinsa cewa yakan ga bugu a zuciyarsa kafin ya yi shi, ko da a atisaye ne. Na uku, kowa ya zaɓi alamarsa. Wata takan daidaita hijabinta, wani yakan haɗa babban yatsa da manuni. Tsoron bai tafi duka ba, amma yanzu yakan bar mu mu faɗi jimlar farko, ita ce kuwa mai wuyar.

Muna roƙon malamanmu, cikin girmamawa, idan ɗalibi ya daskare a gaban allo, a ba shi ɗan lokaci ya ja numfashi kafin a ce ya zauna. A kuma bar mu mu riƙa gwaji gaban mutum biyar, sannan gaban aji, kafin asembili. Ku kuma 'yan uwa, ku riƙe dariyarku, gobe sunanku za a kira. Yayyenmu 'yan aji uku masu shirin jarrabawar fita, ku gwada numfashin nan kafin ku buɗe takarda.

Shi Rory McIlroy, wata biyu bayan abin da ya same shi, ya ci wata babbar gasa da ratar bugu 8. Masters kuwa sai a 2025 ya ci ta, bayan shekara 14. A ranar ma ya ɓarar da bugu na kusa a ramin ƙarshe, aka tafi raba gardama, ya natsu, ya ci. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Daga 'yan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.