Kiɗan ƙarfe: Soyayyar da ake miƙawa hannu da hannu

IDAN ka kalli fim ɗin Iron Man na 2008 har ƙarshe, ba ka yi saurin kashe bidiyo ba, to ka taɓa jin kiɗan da Turawa ke kira hebi metal ko da ba ka san sunan sa ba. Daidai lokacin da jarumin fim ɗin, Robert Downey Jr., ya gama fallasa kan sa a gaban 'yan jarida, sai wata jita ta ɓarke da ruri kamar an tada injin niƙa, sunaye su ka fara fitowa. To, wannan rurin shi ne hebi metal, ma'ana ƙarfe mai nauyi. Bari a kira shi kiɗan ƙarfe don sauƙi.

Wanda bai saba da shi ba, da ya ji abin da zai fara cewa shi ne, "Kai, don Allah a rage mana wannan hayaniyar!" Jita na ruri, ganguna na sukuwa, mawaƙi na ihu kamar wanda ake yankawa. Amma fa akwai miliyoyin mutane a duniya da in ka taɓa wannan kiɗa tamkar ka taɓa ran su ne. Shin yaya aka yi su ka faɗa wannan soyayya?

In ka bi labaran su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kusan duk iri ɗaya ne. Da wuya ka ji wanda ya ce a rediyo ya tsince shi. Wani ne ya miƙa masa: ko yaya, ko aboki, ko malami, ko kuwa fim. Shi kuma wanda aka miƙa wa, galibi yaro ne da wata magana ta tokare masa maƙogwaro, ya rasa wanda zai faɗa wa.

Shi kan sa kiɗan, da irin wannan miƙo ya samu. A birnin Birmingham na Ingila akwai wata unguwar talakawa mai suna Aston, inda a wancan zamani gidaje da dama su ka dogara da masana'antun ƙarafa. A nan wani saurayi ɗan shekara 17, Tony Iommi, ke aiki. Ranar da zai ajiye aikin don ya rungumi kiɗa, a ranar ce inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Kash! Ga shi bahago ne, da yatsun daman ya ke danna tsirkiyar jita. A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa kawai.

Ya na zaune a gida cikin baƙin ciki sai manajan masana'antar ya zo masa da faifan wani makaɗin jita, Django Reinhardt, ya matsa masa sai ya saurara. Da faifan ya ƙare ne ya gaya masa cewa ai wannan mutum gobara ta nakasa masa yatsu biyu, da sauran ya ke wannan kiɗa. Nan take Tony ya ji ƙarfin gwiwa. Ya narka robar sabulun wanke-wanke, ya ƙera 'yan huluna ya sa wa yatsun, ya lulluɓe su da fata. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta su don rage zafi. Sassautawar nan ta ƙara wa muryar jitar kauri da nauyi. Wani hani ga Allah baiwa ne.

A 1968 ya haɗu da wasu 'yan unguwar su uku, wato Geezer Butler da Bill Ward da Ozzy Osbourne, su ka kafa ƙungiya. A nan ne harkar fim ta shigo. Akwai wata silima da ke kallon ɗakin da su ke gwaji, a 1969 ta sa wani fim na ban tsoro da aka yi a Italiya a 1963, sunan sa Black Sabbath, wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Butler ya lura da yadda jama'a ke bin layi, su biya kuɗin su don kawai a tsorata su. Sai su ka ce, to me zai hana a yi kiɗan da zai tsorata mutane kamar fim? Har sunan fim ɗin su ka ɗauke su ka laƙaba wa kan su.

Faifan su na farko, wanda a yini ɗaya aka ɗauke shi, ya fito ran Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1970. Da ruwan sama da tsawa da ƙararrawa ya buɗe, sak farkon fim ɗin fatalwa. Masu sharhi a jaridu su ka yi masa kaca-kaca. Duk da haka sai da ya kai na 8 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Ingila. Su wa su ka saya? 'Yan makaranta da leburorin masana'antu, wannan ya ji ya gaya wa wancan.

Ɗaya daga cikin faya-fayan ya ƙetara teku har jihar Kalifoniya ta Amurka, ya shiga ɗakin wani saurayi. Saurayin na da ƙane, James Hetfield, yaro mai kunya wanda ko magana ba ta dame shi ba. James da bakin sa ya ba da labarin a 2006, a wajen bikin karrama Black Sabbath a Amurka. Ya ce ya na ɗan shekara 9 ya saci jiki ya binciki faya-fayan wan sa, ya ɗora wannan a kan na'urar da aka hana shi taɓawa. Abin da ya fito daga sifika ya razana shi, amma ya kasa cirewa.

Don a gane dalili, sai an leƙa gidan su. Iyayen sa mabiya wata ɗarika ce ta Kirista da ba ta yarda da maganin asibiti ba, abin da ya sa ya tashi a ware daga sauran yara. Ya na shekara 13 mahaifin sa ya bar gida. Ya na 16 ciwon daji ya kashe mahaifiyar sa, ba tare da ta yarda an yi mata magani ba. Allah sarki! Yaron da ya ga wannan duka, bai kuma iya faɗa ba, waƙar soyayya mai sanyi ba za ta yi masa komai ba. Abin da ya ke nema shi ne ƙarar da ta kai girman abin da ke cin sa.

A can ƙasar Denmak kuma wani yaron ne, Lars Ulrich, shi ma ɗan shekara 9. Shi uban sa ne ya miƙa masa. Mahaifin nasa, Torben, shahararren ɗan wasan tanis ne, a 1973 ya tafi da shi kallon wasan ƙungiyar Deep Purple a Copenhagen. An so Lars ya gaji uban sa a tanis, har an kai shi Kalifoniya don haka, amma ina! Zuciyar sa na kan ganguna. A 1981 ya sa 'yar sanarwa a wata jarida ya na neman abokan kiɗa, James ya amsa. Haka aka haifi Metallica.

Su ma ba rediyo ce ta tallata su ba. A 1982 su ka ɗauki waƙoƙin su a kaset, su ka riƙa aika wa masoya kiɗan ta gidan waya. Wanda ya samu sai ya kwafa wa wasu, su ma su kwafa, har kaset ɗin ya kai Turai, wani kwafin ma ya dusashe da ƙyar ake jin murya. Duk wanda ya taɓa kai kaset shago a zuba masa waƙoƙin Indiya ko na fim ɗin Sangaya, ya san wannan harka. Haka nan aka yi da wani ɗan gajeren bidiyo na kimanin minti 17, Heavy Metal Parking Lot, da wasu samari biyu su ka ɗauka a 1986 a jihar Maryland. Ba komai a cikin sa sai hira da 'yan kallo a wajen ajiye motoci kafin wasan ƙungiyar Judas Priest. Shekara da shekaru ya na yawo a kaset na bidiyo daga wannan hannu zuwa wancan kafin ya shiga kasuwa.

Sai dai ita wannan soyayya ba kyauta ba ce, akwai abin da ake biya. Baƙaƙen kaya, dogon gashi, zanen ƙoƙon kai a riga, duk sun sa iyaye da hukuma na yi wa masoyan kallon 'yan shaiɗan. Kuma tsakani da Allah, ba a ce zargin ba shi da tushe sam ba. Shaye-shaye ya kusa halaka Ozzy Osbourne, sannan a ƙasar Norwe, a farkon shekarun 1990, wasu 'yan wani reshe na kiɗan sun ƙona coci-coci. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. A Maris 2003 wata kotu a Kasabalanka ta ƙasar Maroko ta ɗaure matasa 14, makaɗa da masoya, daga wata ɗaya zuwa shekara ɗaya, bisa zargin neman gurɓata addini. Cikin shaidun da aka gabatar har da baƙaƙen riguna da faya-fayai. Jama'a su ka yi zanga-zanga, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 11 daga cikin su, ta sassauta wa sauran ukun. A 2007 darakta Ahmed Boulane ya mai da labarin fim.

Wani labarin da zai fi ba mai karatu mamaki, a wata makarantar Islamiyya ya faru, a yankin Garut na ƙasar Indonesiya. Wasu 'yan mata, Marsya da Widi da Siti, 'ya'yan manoma, sun yi suna wajen rashin ji, kullum su na ofishin malamin ba da shawara. Malamin, wanda su ke kira Abah, bai ɗauki bulala ba. Sai ya sa su a wasan kwaikwayo, daga nan ya jawo su kiɗa. Su na binciken kwamfutar sa ne su ka ci karo da waƙoƙin ƙungiyar System of a Down ta Amurka. Shi ke nan! Su ka ji wannan ƙara ta yi daidai da fushin da ke ran su a kan yadda ake danne 'ya mace da yadda makaranta ba ta sauraren ɗalibi.

A 2014 su ka kafa ƙungiya, Voice of Baceprot. Kalmar baceprot a yaren su na Sunda na nufin mai hayaniya, wato sunan da ake zagin su da shi su ka ɗauka. Sun sha wuya ba kaɗan ba. Iyaye su ka ce a'a. Maƙwabta su ka yi ta gulma. Wasu su ka ce su cire hijabi in dai kiɗan za su yi, wasu su ka ce su ajiye jita in dai hijabin za su sa. An taɓa jifan Marsya da dutse a ka. Ba su cire hijabin ba, ba su ajiye jitar ba. A 2022 su ka hau dandalin Wacken a Jamus, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗan ƙarfe na duniya, sannan a 2024 su ka zama ƙungiya ta farko daga Indonesiya da ta yi wasa a bikin Glastonbury na Ingila.

Fim ma bai daina miƙon ba. A Yuli 2022 Netflix ta saki ƙarshen zango na 4 na Stranger Things. A ciki akwai wani saurayi, Eddie Munson, wanda mutanen gari ke farauta bisa zargin bautar shaiɗan. A fitowar sa mafi tsayawa a rai, ya hau rufin gida da jita ya kaɗa Master of Puppets, waƙar Metallica ta 1986, don ya janye hankalin dodanni daga abokan sa. Yaran da ko iyayen su ba su yi aure ba lokacin da aka yi waƙar su ka bazama neman ta. Bayan shekara 36 da fitowar ta, a karon farko ta shiga jerin waƙoƙi 100 na Billboard a Amurka.

Wasu tsofaffin masoya su ka fara ƙorafi, wai waɗannan 'yan bana-bakwai ne, a fim su ka tsinta, ba su san komai ba. Metallica ta amsa a TikTok cewa ƙofa a buɗe ta ke ga kowa, tsoho da sabo. Ai dole su faɗi haka. Mutanen da ɗayan su ya samu a ɗakin wan sa, ɗayan kuma uban sa ya riƙo hannun sa ya kai shi, da wane baki za su raina wanda ya samu a fim? Balle ma ita Black Sabbath ɗin tun asali a ƙofar silima ta samo sunan ta.

Ran 5 ga Yuli, 2025, mutum huɗun nan na Aston su ka koma unguwar su, su ka yi wasan ban-kwana a filin ƙwallo na Villa Park a gaban mutum kimanin dubu 40. Ozzy a kan kujera ya yi waƙa, domin ciwon karkarwa na Parkinson ya hana shi tsayuwa. Cikin waɗanda su ka share masu fage har da Metallica. James Hetfield, lokacin ya na shekara 61, ya shaida wa taron cewa ba don Black Sabbath ba, da babu su. Kwana 17 bayan nan, ran 22 ga Yuli, Ozzy ya mutu ya na da shekara 76.

Ba dole ba ne kiɗan ƙarfe ya burge ka, mai karatu. Abincin wani gubar wani. Amma kai ma akwai abin da ka ke so wanda a gida ake yi maka faɗa a kai, ko fim ne ko waƙa, kuma akwai wanda ya fara miƙo maka shi. Ka tuna ko wane ne? Shi kuma ƙanen nan naka da ba ya yawan magana, wanda ke laɓewa a bakin ƙofa in ka kunna kallo, ka taɓa tambayar sa abin da ya ke ji a ciki?