Shekara shida ana ce min daƙiƙi, ashe allo ne ba na gani

1/
Zare ne, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman masu ƙanne a firamare. A Warra na tashi, bakin ruwan Kainji. Tun daga aji ɗaya har aji shida ban taɓa ganin rubutun allo da kyau ba. Kuma wallahi ban sani ba.

2/
Na ɗauka kowa haka yake gani. Fari-fari kawai, kamar hazo. Ni dogo ne, sai aka ajiye ni a bencin baya. Littafin abokina nake kwafa. Ran da bai zo ba, ranar bulala ce.

3/
A gida ma haka. Baba masunci ne. Zai nuna min kwalekwale daga nesa ya ce "na wane ne wancan?" Sai in yi shiru. Ya ce yaron nan ba ya mai da hankali.

4/
Sai da na shiga sakandare a Yelwan Yauri. Wata malama ta lura kullum ina tsuke ido. Ta rubuta harafi a allo, ta ce in rufe ido ɗaya in riƙa ja da baya. Taku kaɗan harafin ya ɓace min. Ta ce, "Kai ba daƙiƙi ba ne, gilashi kake buƙata."

5/
Rigima ta koma gida. Inna ta ce gilashi ƙara kashe ido yake. Baba ya yi lissafin kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, da na gwaji, da na gilashin, ya yi tsaki. Sai da Yaya ya sayar da akuyarsa.

6/
Ran da na dawo na tsaya bakin ruwa da gilashin a fuskata. Ashe ana hango mutanen da ke cikin jirgi ɗaya bayan ɗaya! Na yi kuka, har yara na min dariya.

7/
Ba ni kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki da an iya karewa, ko kuma har yanzu ba a kula da su ba.

8/
Gwajin farko fa ba ya buƙatar na'ura. Takarda ce mai harafin E yana kallon ɓangarori daban-daban. Yaro ya tsaya mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka dosa. Ko bai iya karatu ba zai yi. Wanda ya kasa, a kai shi asibiti.

9/
Alamomi: tsuke ido, manna littafi a fuska, yawan ciwon kai, matsowa jikin talabijin, ko ido ɗaya ya karkace. Wannan na ƙarshen kar a jira. Idan yaro ya girma da shi, gyaran yana wuya.

10/
Don Allah a daina ɗiga nono, ruwan sikari ko ruwan ganye a idon yaro. Maganin ɗigawa na kemis ma ba da izinin likita ba akwai haɗari. Wasu idan aka daɗe ana sawa suna jawo hawan jinin ido. Gilashin da aka auna kuma ba ya kashe ido. Inna da kanta yanzu tana da na karatun Alƙur'ani.

11/
Abokin da muke bencin baya tare, shi ma tsuke ido yake yi. A aji biyar ya bar makaranta. Har yau ina tunanin da an gwada shi.

12/
Roƙona ɗaya: yau ka gwada ƙanenka ko ƙanwarka a gida. Malaman Ngaski, Yauri da Shanga, kafin a ɗaga bulala a fara tambaya: "Kana ganin allo?" Allah Ya ƙara mana lafiya.