Abincin Gida a Ɗakin Gungume

Tun da na komo daga Amurka, 'yan'uwana 'yan makaranta ba su bar ni na huta da tambaya ba. Wannan ya ce in ba shi labarin dogayen benaye, wancan ya ce jirgin sama, wani kuma ƙanƙara yake so ya ji yadda take sauka. Duk na gan su, ba kuwa ƙaramin abin mamaki ba ne. Amma da Malamin Hausa ya ce in rubuta wani abu don mujallarmu ta bana, sai na ga ya fi kyau in ba ku labarin wani ɗan gidan abinci na ƙauye, gama abin da na koya a cikinsa ya fi abin da na koya a benayen nan amfani a gare mu.

Na tafi a cikin watan Agusta na 2023, a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, wanda aka fara a 2003. Aka sauke ni a jihar Ayowa, a wani ƙaramin gari da ba shi da nisa da kogin Misisipi. Ayowa ƙasar manoma ce. Duk Amurka babu jihar da ta kai ta noman masara, babu kuma wadda ta kai ta kiwon alade. Mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai, aladunta kuwa sun haura miliyan 20. Ka ga ashe Musulmin da ya sauka a nan, tilas ya riƙa buɗe ido kafin ya buɗe baki.

Masu masaukina wani dattijo ne da matarsa, 'ya'yansu duk sun girma sun watse. Sun riƙe ni tamkar ɗan cikinsu. Duk da haka, da na yi wata biyu ban ga tuwo ba, sai abinci ya fita raina. In an kawo, in ɗan taɓa in ture. Ran nan uwar gidan ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba ciwo ke damunka ba, kewar gida ce. Ran Lahadi za mu kai ka inda ake maganinta."

Ran Lahadi da suka taso daga coci muka shiga mota. Oktoba ce, lokacin kaka, sanyi ya fara shigowa. Hagu da dama gonakin masara ne har iyakar ganinka, ga manyan injuna suna girbi, ga itatuwan bakin hanya ganyensu ya koma ja da rawaya. Muka yi tafiyar kamar awa guda, sa'an nan muka ratse wata 'yar hanya mai tsakuwa, muka gangara cikin kurmi. Ni duk tsammanina wani katafaren otal za mu. Da motar ta tsaya, sai na ga wani ɗaki baƙi ƙirin don tsufa, hayaƙi na fita ta bututu a samansa, motoci kuwa sun cika filin gabansa maƙil.

Ɗakin nan ba tubali, ba siminti. Gumagumai ne aka sare, aka fere, aka jera wani bisa wani har bango ya tashi. Dattijon ya kama hannuna ya kai ni kusurwa, ya nuna mini yadda aka sassaƙe bakin kowane gungume don ya zauna daram a cikin na ƙarƙashinsa, ba a bukatar ƙusa ko ɗaya. Ramukan da suka rage tsakanin gumaguman, a da laka ake cusawa da gutsattsarin itace don kada iska ta shiga, kamar dai yadda ake yaɓe a wurinmu. Ya ce mutanen Suwidin da na Finlan ne suka kawo wannan gini, sa'ad da suka sauka bakin kogin Dalawaya a 1638. Daga nan ya bazu, domin matalauci mai gatari ɗaya yana iya tayar da ɗakinsa cikin 'yan kwanaki, in maƙwabta sun yi masa gayya.

Muka shiga. Wuta na ci a wani babban murhu na duwatsu, ɗumi ya game ɗakin. A jikin bango an rataye tsohon zarto, da lauje, da fitilar ƙwai, da kaskon ƙarfe, da hotunan wasu tsofaffi masu gemu. Teburorin katako ne tsirara, kujerun ma ba su yi kama da juna ba. Amma waɗanda ke zaune a kansu, daga ganin motocinsu ka san ba rashi ne ya kawo su ba.

Wata mata ta zo ta gaishe mu, ta karanta mana abin da aka dafa ran nan. Gabana ya ɗan faɗi, don na san a ƙasar nan alade yakan ɓuya a inda ba a zato. Ga ni baƙo, ga mutane sun yi tafiyar awa guda don su faranta mini rai, ba na so in ba su kunya a gaban jama'a. Amma matambayi ba ya ɓata. Na ce mata, "Don Allah, Baba, ni Musulmi ne, ba na cin alade ko abin da aka dafa da kitsensa. Wanne ne zan iya ci?" Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce in dakata, ta shiga ta kirawo mai girkin, wata tsohuwa mai furfura, hannunta duk gari.

Tsohuwar nan ta tsaya ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce ɗanyen waken da ake dafawa da kwasfarsa, da naman alade take dafa shi, kada in taɓa. Romon da ake zubawa bisa dankali ma haka. Gurasar da ake cusa wa tuffa a gasa, wadda gidan ya yi suna a kanta, da kitsen alade take kwaɓa ta, yadda kakarta ta koya mata. Amma akwai kifi, kuma za ta wanke kasko dabam ta soya mini da man masara. Na yi mata godiya. Uwar gidanmu ta dafa kafaɗata ta ce, "Haka nake so, ɗana. Wanda ya faɗi abin da ba ya ci, ya sauƙaƙa wa mai dafuwa."

Ba a jima ba aka fara jere. A gidan nan ba a zuba wa kowa nasa. Manyan kwanoni ake girkewa a tsakiya, kowa ya ɗiba ya miƙa wa na kusa da shi. Masu masaukina suka sunkuyar da kai suka yi addu'arsu, ni kuma na yi bisimilla. Da na duba kifin, ashe tarwaɗa ce, irin tamu sak, har da gashin baki, an birkiɗa ta cikin garin masara an soya ta yi ƙarau. Ga dankalin Turawa an dafa an kirɓa da madara da man shanu, ya yi laushi kamar sakwara. Ga wata wainar masara da aka gasa a kaskon ƙarfe, ana yankawa da zafinta a shafa zuma. Ga zangarniyar masara dafaffiya, ga kwaɗon kabeji. Daga ƙarshe tsohuwar ta aiko mini da tuffa guda da ta gasa da kirfa da sukari, a madadin gurasar da ban ci ba. Kai, tun da na sauka ƙasar ban ci abinci kamar na ran nan ba. Ba barkono, ba daddawa, amma ɗanɗanon hannun uwa yana ciki.

Muna ci dattijon yana ba ni labari. Ya ce kakannin kakanninsa a irin wannan ɗaki suka zauna, ɗaki ɗaya tal, nan kwana, nan girki, nan haihuwa. Wainar masarar nan da muke yabo, abincin wanda ba shi da alkama ne. Tarwaɗa kuwa kogi ke bayarwa kyauta. Ya zaro takardar dala 5 ya nuna mini hoton Abraham Lincoln, ya ce a ɗakin gungume aka haife shi a jihar Kentaki a 1809, ya zama shugaban ƙasa a 1861, kuma a zamaninsa aka yi shelar 'yanta bayi. Bai ɓoye mini ɗaya gefen ba. Ya ce ƙasar da aka kafa ɗakunan nan tana da masu ita, watau ƙabilun Sauk da Meskwaki, waɗanda aka karɓe ta daga hannunsu bayan yaƙin 1832. A 1833 Turawa suka fara kwararowa, a 1846 Ayowa ta zama jiha. Ya ce wanda zai tuna kakanninsa, ya tuna su gaba ɗaya, da daɗin da ɗacin.

Irin wannan abinci suna da sunan da suke kiransa da shi, ma'anarsa abincin da ke kwantar da rai. Ba tsada ce ta ba shi wannan suna ba. Abin da mutum ya ci yana yaro ne, a hannun wanda ke ƙaunarsa.

To, 'yan'uwana, ga inda maganata ta nufa. Mutanen da suka sauka a kan wata a 1969 ba su ji kunyar ɗakin kakanninsu ba, har kuɗi suke biya su zauna a cikinsa su ci abincin talauci. Mu fa? Kowa ya san abin da ke faruwa a nan ranar ziyara. Tsohuwa ta taso tun asuba daga ƙauye, ta sha ƙurar mota, ta ɗauko dambu da kwaɗon zogale da fura a ƙwarya. Ɗanta ya tare ta can bayan ajujuwa don kada abokai su gani, ya karɓe ƙullin ya cusa ƙarƙashin gado. Wanda aka kawo wa taliyar leda da lemon kwalba kuwa, a tsakar fili yake shimfiɗa tabarma. Na ji da kunnena ana kiran yaro baƙauye saboda an kawo masa ɗanwake. Wa ya fi uwar nan sanin abin da ta ji a ranta tana komawa gida? Wanda ya yi dariyar, ya sani shi ma da koko aka yaye shi.

Abincin nan da ake rainawa ba na rainawa ba ne. Malamin Kimiyya ya koya mana cewa wake yana gina jiki, zogale da kuka suna kare shi, gero da dawa suna ba shi ƙarfi. Da su aka yi noman da ya biya kuɗin makarantarmu. Ginin ƙasa ma haka. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san sanyin da soron ƙasa da azara ke bayarwa, ba fanka ba lantarki. Tubalinmu da makubarmu ba su gaza gungumensu ba, sai dai su sun adana nasu, mu muna rushe namu.

Iyayenmu kuma, ina roƙonku da ladabi, kada ku ci bashi don ku sayo mana abin gwangwani ranar ziyara. Ku kawo abin da tukunyar gida ta dafa. Ku kuma koya mana dafa shi, maza da mata, tun kakanninmu suna da rai, domin tsohuwar can ta Ayowa ba a littafi ta koyi girkinta ba, a gindin murhun kakarta ta koya. Miyar da ba a koya wa jika ba, ranar da aka binne kaka aka binne ta.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu yi ilmi, mu je ko'ina cikin duniya, mu ci na mutane in ya halatta, mu yaba. Amma ranar ziyara mai zuwa, wanda aka kawo wa dambu ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar fili, ya zaunar da mahaifiyarsa, ya kira abokansa a sa hannu. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya sa albarka a abin da suke ciyar da mu. Amin.