Da Keke a Kewayen Dutsen Mora

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu a Turai da Amurka, inda mutum zai sayi keke mai kaurin taya, ya bar kwalta, ya shiga neman hanyar tsakuwa wadda mota ba ta bi, har ma a shirya gasa a kai. To, abin da su ke kashe kuɗi suna nema, mu ga shi nan a bayan gidanmu. Daga Marwa zuwa Mora, babban garin Mayo-Sava, kimanin kilomita 60 ne a kan babbar hanyar da ta nufi Kuseri. A nan ne duwatsun Mandara suka zo suka tsaya a kan garin, kuma daga gindinsu hanyoyin burji da na tsakuwa suka rarrabu. Uku daga cikinsu muke son mu kai ku, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ta farko ita ce hanyar Dulo, 'yar tafiya kaɗan daga Mora. Babu hawa a cikinta, sai dai yashi, wanda kan riƙe taya har mahayi ya sauka ya tura. Wanda ya isa Dulo yau zai tarar da ƙauye a gindin dutse, amma nan ne tsohuwar fadar sarakunan Wandala bayan sun baro Kerawa. Sarkinsu Bukar Aji ya karɓi Musulunci wajen 1715. A 1809 Modibbo Adama ya ci garin, amma bai daɗe ba mutanen Wandala suka fitar da shi, kuma daga baya Mora ta zama mazaunin sarki domin tana da dutse a bayanta. A Mora ɗin ne Manjo Denham, abokin tafiyar Kilafatan wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a Sakkwato, ya gana da sarkin Wandala a 1823. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare kuwa, rundunar Rabe ta rushe Dulo. Yaro mai shekara goma sha biyu zai iya wannan tafiya da safe, ya komo gida da tarihin da bai samu a aji ba.

Ta biyu ita ce hawan Ujila, ƙauyen Podoko da ke bisa dutse, kimanin kilomita 11 daga Mora. Kada gajartar ta ruɗe ku. Hanya ce mai murɗe-murɗe, tsakuwarta a sake take, tayar baya tana zamewa, numfashi yana sarƙewa, kuma babu wanda muka sani da ya ji kunyar sauka ya tura. Saukar ma tana da amfani, gama a ƙafa ne ido yake ganin abin da ya fi komai daraja a wannan ƙasa, wato gonakin dutse. Tun daga ƙasa har ƙololuwa an jera katangu na duwatsu hawa-hawa, babu siminti babu laka, kowace katanga tana riƙe da 'yar ƙasar da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ko uku ba, a nan ake shuka dawa da wake. Kowace shekara kafin damina sai an bi an gyara inda ya zube, in ba haka ba ruwa ya kwashe ƙasar ya kai kwari. Gumin da mahayin keke ya yi na sa'a biyu, manomin Ujila da matarsa suna yin irinsa kullum, da tulun ruwa ko damin dawa a ka.

Daga can sama ana hangen dutsen Mora, wanda shi ma yana da nasa labari. A watan Agusta na 1914 wani hafsan Jamus, Kyaftin Fon Raben, ya haye shi da sojoji kimanin 200, yawancinsu 'yan Afirka. Sojojin Ingila daga Najeriya da na Faransa daga Cadi suka kewaye su, aka yi ta kai hari ba a ci su ba har wata goma sha takwas. Sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 suka ajiye makamai, su ne kuwa na ƙarshe da suka yi haka a Kamaru duka. Wanda ya ɗanɗana hawan nan da ƙafarsa ba ya bukatar a bayyana masa dalili.

Ta uku, wadda ta fi tsawo da wuya, ita ce tsohuwar hanyar Mokolo, wadda ta bi ta Kurgi da Mozogo da Koza. Da farko fili ne na auduga da lambunan albasa, ana ratsa ƙoramu waɗanda da rani rairayi ne zalla. Kusa da Mozogo sai ka ga wani duhun itatuwa a tsakiyar gonaki. Wannan shi ne gandun dajin Mozogo-Gokoro. Ƙarami ne, hekta 1,400 kacal, alhali na Waza ya kai hekta 170,000. An keɓe shi a 1932, aka mai da shi gandun ƙasa a 1968. Marke da tsamiya da sarƙaƙiya sun haɗe a ciki, birai da gada suna fakewa. Darajarsa ita ce yana nuna yadda filin nan zai kasance in an ɗaga masa gatari da wuta. Ba a shigarsa sai da izinin ma'aikatan gandun daji, saboda haka mahayi gefensa yake bi. Bayan Koza kuma sai babban hawa zuwa Jingiliya, ta cikin ƙasar Mafa, inda gidaje masu tsinin jinka suke maƙale a tsakanin manyan duwatsu. A wannan yanki ne kangayen Diy-Gid-Biy suke, gine-ginen dutse 16 da aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 17, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2025.

Ga mai niyya, lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙoramu suka ƙafe, sanyin hunturu kuma bai wuce ba. Daga Maris zafi yakan haura digiri 40. A fita bayan asuba, a nemi inuwa kafin azahar. A duba birki kafin komai, domin gangarar Ujila ta fi hawanta haɗari. A riƙe famfo da kayan faci saboda ƙayar aduwa, da ruwan sha isasshe, kada a je a ɗora wa mutanen da ke tafiya mai nisa kafin su sami rijiya. A yi sallama, a gai da mai gari, kada a taka katangar gona, kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda. In an haɗu da mai keken da ya ɗauko buhun dawa zuwa kasuwar Mora ta ranar Lahadi, a ba shi hanya, shi abinci yake nema.

Sai dai akwai maganar da ba za mu ɓoye muku ba. Shirun da ke kan waɗansu hanyoyin nan ba duka ne na jin daɗi ba. Tun da aka sace wani iyali na Faransawa kusa da Waza a 2013, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. A 2014 rikicin Boko Haram ya tsananta a bakin iyaka, hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura, jama'a da yawa suka koma kan keke don tilas. A Janairun 2021 an kai mummunan hari a garin Mozogo kansa, aka rasa rayuka. Saboda haka kada kowa ya kama hanya ta uku sai ya tambayi hukuma da mutanen wurin, in suka ce a dakata, a dakata. Har Dulo da Ujila ma, mai tambaya ba ya ɓata.

Duk da haka, bai kamata tsoro ya shafe wuraren nan daga zukatan 'ya'yanmu ba. Yaranmu na Garwa da Marwa sun san sunayen biranen Turai, amma da yawansu ba su taɓa jin Dulo ko Mozogo ba, kuma abin da ba a sani ba, ba a kishinsa ranar da za a sare shi ko a rushe shi. Mu fara da kusa, mu kai su inda aka tabbatar da lafiya, mu ba su labarin sauran. Allah ya dawo da zaman lafiya a duwatsun Mandara, ya sa manomi ya koma gonarsa, baƙo kuma ya hau kekensa daga Mora har Mokolo ba tare da fargaba ba.