Furannin kwarin Maggiya da masu sanin sunayensu

A Turai da Amurka mutane kan bi jagora a gefen koguna domin kallon furannin daji idan ƙanƙara ta narke. A ƙasashen Ƙonni, Malbaza da Illela kuwa, furanni na jiran ruwan sama ne, shi ya sa lokacin ganinsu yake kamawa daga marka, wato tsakiyar damina a watan Agusta, har zuwa farkon kaka. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kwarin Maggiya, gulbin da ba ya gudu sai da damina, wanda ke gangarowa daga duwatsun Adar, ya cika madatsun Mozage da Zango masu shayar da gonakin Ƙonni, sannan ya tsallaka iyaka zuwa tafkin Kalmalo a jihar Sakkwato.

Wanda ya bi gaɓar a wannan lokaci zai ga duman kada ya shimfiɗu bisa rairayi, tafasa ta yi fure ruwan ɗorawa, bado kuma ya buɗe a kan tabkuna da sassafe. Sai dai mutumin karkara yana duban fure ne da abin da yake nunawa, kuma babu misalin da ya kai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta: baƙo zai tsaya yana yaba jan furensa a cikin hatsi, alhali manomi ya san cewa saiwarsa ta riga ta kama ta gero tana tsotse ta tun kafin ya ɓullo, kuma tsiro guda yana zubar da dubban iri da ke daɗewa shekaru a ƙasa. Gawo shi ma abin lura ne, domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya toho ya yi fure bayan ruwa ya ɗauke.

Jagororin irin wannan tafiya suna nan cikin ƙauyuka, wato matan da ke tsinkar yaɗiya da gasaya, da makiyaya, da masu maganin gargajiya, da majema da suka san darajar bagaruwa. Abin damuwa shi ne ɗalibi yana iya haddace sassan fure da Faransanci a aji, amma ya kasa bambanta sabara da kalgo a bayan garinsu. Ya kamata malaman makarantun Galmi, Dogarawa da Tsarnawa su riƙa fita da yara bakin gulbi a watan Oktoba idan an koma karatu, tare da dattijuwa ɗaya da za ta riƙa nuna kowane tsiro tana faɗin sunansa da amfaninsa, yaran suna rubutawa.